Ranar da aka gwada nonon Aisa

Aisa mutuniyar Dakusa ce, gajeruwa mai saurin daka, wadda ba a cika jin muryarta ba. A farin shekarar tamanin da huɗu tana goyon ɗanta na fari, Ɗanjuma. Mijinta Mai Nasara ya tafi ci-rani tun da gero ya ƙone a gona, ya bar ta da uwarsa Hajjo da tiya kaɗan ta jar dawar taimako.

Da yaron ya kai wata bakwai, dasashinsa ya kumbura. Sai dalala da ƙuncin rai. In ya kama nono sai ya cije, ya saki, ya fashe da kuka. Hajjo ta riƙa yi masa wasan jika, tana cewa wannan miji nata bai kawo cefane ba ya koyi cizo. Da zawo ya zo, matan gida suka ce na haƙori ne, kowane yaro da nasa.

Kwana goma zawo bai tsaya ba, Hajjo ta daina wasa. Ta ce yaro ba ya ƙin nonon uwarsa a banza, a gwada. Aisa ta tatsa a ludayi, aka kamo tururuwa a bakin rumbu aka jefa. In ta fito, nono lafiya lau. Tururuwar ta yi ta juyi, sannan ta tsaya cik.

"Ya ɓaci, 'yar nan," in ji Hajjo a hankali. "Kwana bakwai kada ki ba shi."

Aisa ta so ta yi magana, amma ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya gaban surukarta tana kare shi. Ta ce to, Inna.

Aka sa ta shan saiwoyi masu ɗaci don nonon ya gyaru. Shi kuwa ana ɗura masa kunun jar dawa da ruwan ƙasan rijiya, don akuyar gidan ta mutu tun bazara. Ƙirjinta ya cika ya yi tauri. Takan zaga bayan ɗaki ta tatse a toka, tana jin kukansa ta cikin darni. Kullum kukan ƙara sirancewa yake.

A kwana na biyar maɗigarsa ta faɗa. Aisa ta goya shi ba ta nemi izinin kowa ba, ta kama hanyar likita a ƙasa. Majo mai ba da magani da ke can ya duba shi, ya ce ta ba shi nono yanzu-yanzu. Ta zauna a dandaɓe ta sa masa a baki. Ta ji kaifin haƙora biyu da suka huda, amma ba shi da ƙarfin tsotsa. Kafin la'asar ya cika.

Nonon bai kafe ba. Da kwana uku wata maƙwabciya ta rasu ta bar jaririya, Ramlatu, ba mai shayar da ita. Uban yarinyar ya san zancen gwajin, amma ya ce ba shi da zaɓi. Aisa ta karɓe ta. Yarinya ta sha, ta yi ɓul-ɓul a tsakiyar yunwa, Hajjo na kallo daga bakin murhu. Tun daga nan ba ta sake yi wa wani jika wasa ba.

Ramlatu ita ce mahaifiyarmu. Aisa ta haifi huɗu bayan haka, duk sun rayu, kuma ba a taɓa jin ta zargi surukarta ba. Sau ɗaya ta yi zancen, tana tsefe wa Ramlatu kai ana gobe sunan ɗan da Ramlatun ta haifa.

"Duk ƙibar da kika ƙara, sai na yi murna, sai kuma in koma ɗaki in yi kuka. Kwana biyar ina zubar da shi a toka."