Mama Rifkatu da Ƙullin Gyaɗarta

Duk wanda ya yi aiki da Mama Rifkatu a ofishin ilimi ya san ba ta zama a kujerar baƙi. Da mun shiga ajin nazare na ƙananan yara sai ta jawo 'yar kujerar yara ta lafta mata jiki, gwiwa har haɓa. Wai daga nan ake ganin abin da yaro ke gani. Shekara shida muna zagayen makarantu tare, kullum ni ke ɗago ta.

Aikinmu mu gano ko azuzuwan nan suna amfanar yara. A Barade hedimasta ya ji za mu zo, ya sa yara suka haddace ɗaya zuwa ɗari, suka rera mana tiryan-tiryan. Mama ta tafa, ta kwance ƙullin gyaɗa, ta ce da wani yaro, "Ba ni bakwai." Yaro ya dumbuza ya cika baki.

"Kunya yake ji, Mama," in ji hedimasta.

"Mai kunya ne ya cinye kayan aikin gwamnati?"

Kuma ba ta yarda a gwada 'yan aji kaɗai, sai an haɗa da waɗanda ba su taɓa shiga ba, a ga bambanci. Haka muka bi gida-gida a Yelwa cikin rana. Wata mata ta ɗauka mu masu allura ne, ta tura 'ya'yanta ƙarƙashin gado ta ce sun tafi gona. Mama ta zauna ta fara ɓare gyaɗa. Ɗaya bayan ɗaya gona ta dawo.

Babban rikicinta shi ne na Abbare. Ofis ya ce a rufe ajin, wai yara sun ci sifili. Mama ta duba, ashe da Turanci aka tambaye su, su kuwa Fillanci suke ji. Ta koma ta sake gwajin da guntun Fillancinta, yara suna amsawa daidai, suna kuma gyara mata baki.

Ogan ofishinmu ya ce, "Madam, rahoto ya riga ya tafi."

"Yallaɓai, a kira shi ya dawo. Mu ne muka faɗi jarrabawar, ba yara ba."

Kwana uku tana zuwa ofishinsa da kular abincinta, har ya gaji ya janye takardar.

Ranar da aka binne ta, malamar ajin Abbare ta kawo yaran nan a jere, suka tsaya a bakin coci. Mama, Allah ya ba ki hutu, ya raya yaran da kika tsaya wa.