Ragon Kamun Ƙafa

Alƙasim tela bai san sunanta ba. Daga bakin shagonsa a kasuwar Karofane yake hangen ta zaune a rumfar masu albasa, doguwar dattijuwa mai gilashin da aka ɗaure da zare. Ya dai ji ana ce mata konseye, wato tana cikin majalisar gari. Yadda take ɗaga yatsa in za ta yi magana, sai ya ce tsohuwar malamar lakwal ce, wato makarantar boko.

Ga wani wakilin jam'iyya ya iso cikin shadda, janye da rago, ya durƙusa.

"Inna, gaisuwa ce daga Alhaji. Gobe in za ku zaɓi wurin gina rijiya, a tuna da garkarshi ta lambu."

Ta zaro littafi da alƙalami daga jaka, ta miƙa masa.

"Ɗana, rubuta sunanka, da na wanda ya aiko ka, da abin da yake biɗa. Na ji a rediyo, ko Amurka haka doka ta ɗora wa masu kamun ƙafa. Gobe in karanta gaban majalisa."

"Haba Inna, jam'iyyarmu guda fa!"

"Jam'iyya ba ta jan guga. Matan ƙauye ke ja."

Mutumin ya tashi yana jan ragonsa, ragon yana turjewa. Ita kuwa ba ta janye hannunta ba. Nan Alƙasim ya ga tafin hannun nata, duk kantar igiya ce.