Zagin da Aka Yi Min a Gaban Surukina

A lokacin ina riƙe da inji a wani kamfanin saƙa buhu a Sharada, furfura ta fara fito min, kowa a sashenmu Baba yake ce min. Sufabaizanmu ba zai girmi ɗana na fari ba. Aiki kam ya iya, sai dai bakinsa ba linzami. Ba ya kiran sunan kowa, sai dai "kai", ko ya ƙyasta maka yatsa. Ma'aikata suna zuwa suna gudu, ni kuwa na toshe kunnena, ina ganin ai ƙarar inji ta fi tsawarsa.

Da aka tashi ɗaukar sababbin ma'aikata, ni na yi wa mijin 'yata hanya. Mutum ne mai kunya, a durƙushe yake gaishe ni, ba ya haɗa ido da ni. Tsautsayi ya sa aka ajiye shi a layin da ke kusa da nawa. Wata rana zare ya tsinke a injina, buhuna suka lalace. Sufabaiza ya tsaya a kaina ya ce idan tsufa ya hana ni gani in koma gida renon jikoki, ya haɗa da kirana tsohon banza. Na saba jin irin wannan. Abin da ban saba ba shi ne surukina yana tsaye da damin buhu a kafaɗa, ya rasa inda zai sa idonsa.

Daga ranar bai sake zuwa ba. Na tura mai ɗakina ta tambayi 'yarmu, wadda ke da tsohon ciki a lokacin. Ashe ce mata ya yi ba zai iya tsayawa ana zagina ba, in kuma ya tanka ni za a kora. "Gara Baba ya yi aikinsa ba na kallo." Ban daɗe ba ni ma na ajiye aikin. Manaja ya tambaya ko albashi ne, na ce a'a, bai ƙara tambaya ba.

Na yi nadamar shirun da na yi tun farko, don na ɗauka haƙurina ni kaɗai ya shafa. Masu riƙe da ma'aikata, ku sani wanda kuke daka wa tsawa uban wani ne, kuma akwai masu kallo da za su riga shi tafiya. Surukina yanzu adaidaita sahu yake tuƙawa. Har yau bai ta da maganar ba, ni ma na kasa ba shi haƙuri.