Bintar da Kakana Ya Aurar da Hannunsa

Ko zan manta da me a duniya, ban da ranar da na kawo wa kakana budurwarsa har cikin falonmu na unguwar Ka'akiyya. Suna ɗaya tak zan ambata a labarin nan, shi ma don ba yadda zan yi ne.

A Makka aka haife ni, kuma a lokacin ban taɓa taka Najeriya ba. Ƙasar Hausa da na sani tana cikin littattafan soyayya da masu Umra suke kawo wa mahaifiyata, a jaka ɗaya da kuka da daddawa. Ina karanta su suna warin daddawa, ni kuwa ƙamshin wardi nake ji. A cikinsu na koyi cewa kowane saurayi dogo ne mai saje, kowane tsoho kuma akwai wata da ya rasa yake ɓoyewa a ƙirjinsa.

Ina shekara goma sha tara mahaifina ya ɗauko kakanmu daga gida bayan rasuwar kakata. Ya haura casa'in, amma in ya zauna sai ka rantse sanda aka sa masa a baya. Yana matashi Turawa suka ɗebe su soja, aka haye teku da su zuwa wani yaƙi a daji mai ruwan sama ba dare ba rana. Da ya dawo ya ajiye kaki ya kama lambu. Da aka fara guguwar neman 'yancin kai, mutanen garinsu suka tura shi majalisa a Kaduna, cikin 'yan farko-farko. Duk da haka Saje kowa yake ce masa, muƙaminsa na soja. Ni kuwa angona nake ce masa, shi ya ce mini amarya.

Wata uku da zuwansa ya daina cin abinci. Aka kai shi asibiti, likita ya ce ba ciwo, amma in ya ci gaba a haka ruwa za a riƙa sa masa. Mahaifina direba ne, mahaifiyata tana sayar da abinci kusa da masaukin baƙi, don haka ni aka bar wa cokali. Na yi shinkafa, na yi tuwo, na yi kunu. Cokali biyu, ya kau da kai. Agogonsa ya fara zamewa har gwiwar hannu.

Wata rana da hantsi na ce, “Angona, in ba ka ci ba zan kai ƙararka ka sake ni.”

Ya yi murmushi yana kallon taga. “Amarya, da zan ga Binta, da na ci.”

Cokali ya kusa faɗuwa daga hannuna. Sunan kakata ba Binta ba ne! Na rufe ƙofa, na dawo na durƙusa. “Wace ce Binta, Kaka?”

“Kai, ba a yi mai zaƙinta ba. 'Yar mitsitsiya na ɗauko ta, na raine ta. Ni na aurar da ita da hannuna, da wannan hannun, ga wani ɗan ƙauye mai taurin kai. Shekara uku ta fara haihuwa. Yanzu 'ya'yanta sun cika gari.”

Wayyo Allah! Ya so ta, amma ya danne zuciyarsa ya aurar da ita ga wani! Ko a littafi sai marubuciya ta isa take kawo irin wannan. Ya ƙara da cewa akwai ranar da ana tsakiyar zaman majalisa aka aiko masa Binta ba lafiya, ya miƙe ya ɗauki hularsa, shugaban zama yana ƙwala masa kira bai waiwaya ba, ya hau motar gyaɗa ya kwana biyu a hanya. Ranar na yi kuka a kicin har albasa ta ƙone. Na ƙudurta ba zan faɗa wa mahaifina ba, don ina ganin amana ce, kuma wane ɗa ne zai so ya ji ubansa ya so wata bayan uwarsa? Yanzu in na tuna, tambaya ɗaya da na yi masa da ta kashe maganar. Amma a littafi ba a tambaya, bincike ake yi.

Na fara bin mahaifiyata wurin sayar da abinci, har tana sa mini albarka wai na yi hankali. Duk wanda ya miƙo kwano sai na tambaye shi garinsu. Rana ta tara aka nuna mini wata tsohuwa mai sanda da haƙorin Makka sabo fil, aka ce daga garin kakana take. Na gaishe ta, na ce ko ta san Saje.

“Saje ɗan majalisa? Yarinya, wa bai san shi ba? Ai shi ne waliyyin aurena.”

Na matsa kusa da ita. “Hajiya, ya sunanki?”

“Binta.”

“'Ya'ya fa?”

“Goma sha ɗaya, jikoki kuwa sun cika gari.”

Na rungume ta a gaban mutane har sandarta ta faɗi. Na ce Saje yana Makka, ba ya cin abinci, sunanta kawai yake kira. Ta dafe ƙirji ta ce, “Ni? Ikon Allah!” Na fassara wannan da cewa tsohuwar wuta ce ta tashi.

Ranar Juma'a bayan la'asar na cika falo da turaren wuta har mahaifina yana tari yana tambaya wa za a ɗaura wa aure. Na sa wa Kaka farar rigarsa, na karya masa hula, na shafa masa turare a gemu. Sannan na fita na riƙo hannun Hajiya, na tsaya a bakin ƙofa kamar mai shela.

“Angona, na haƙura, na yafe. Ga Bintarka!”

Kaka ya ɗaga kai ya dube ta tun daga sama har ƙasa. Ya dube ni. Ya sake dubanta.

“Wannan ai 'yar gidan maƙera ce. Sannu da zuwa, ya hanya? To amarya, ina Bintar?”

“Ga ta nan a gabanka!”

“Ke, Binta Suga nake nufi.”

Sai Hajiya ta saki sanda ta zube a kan kujera, tana dariya haƙorin Makka yana walƙiya, hawaye har haɓa. Mahaifina ya fita baranda, ina jin yana dukan bango don dariya. Mahaifiyata ce ta tausaya mini ta ce, “Ya binti, 'yata, mangwaro ne. Sunan irin mangwaro ne.” Ashe in manomi ya yanko reshen iri mai zaƙi ya ɗaura shi a jikin na gargajiya, aure ake cewa. Ɗan ƙauye mai taurin kai, wata tsohuwar bishiya ce a bakin rafi. Rashin lafiyar da ta fitar da shi daga majalisa kuwa, gara ce ta kama gindi.

“Ni da na yi wanka na sa lalle!” in ji Hajiya tana share ido. “Saje, ashe bishiya ta fi ni farin jini.”

“Ke ma ai na aurar da ke,” in ji Kaka, “amma ita ba ta taɓa yin yaji ba.”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ina laluben hanyar kicin sai na ji muryarsa ta sauya, ta yi ƙasa-ƙasa.

“Tana nan kuwa? Yaran nan in na tambaya sai su ce lafiya lau. Na san an yanka filaye a wajen. Ki faɗa mini gaskiya.”

Sai a lokacin na gane abin da ya hana shi cin abinci. Yana zaton an sare ta ana ɓoye masa.

Hajiya ta daina dariya. “Wallahi tana nan. Masu filaye sun zo da igiyarsu, tsofaffin gari suka zauna a gindinta suka ce sai dai a auna da su. Hanya ce ta kauce mata. Iska ta karya reshen gabas bara, amma na baro ta da 'ya'ya har suna taɓa ƙasa. Jikana ma ya faɗo daga kanta, ga tabo nan a goshinsa.”

“Reshen gabas dama rago ne,” in ji Kaka. Ya murza gemu. Can ya ce, “Amarya, tuwon nan da kike ta damuna da shi, akwai saura?”

Malmala ɗaya da rabi ya ci, ina tsaye ina ƙirga loma kamar mai kallon ƙwallo. Hajiya ta riƙa zuwa kullum har ranar tafiyarta, suna lissafa wanda ya mutu da wanda ya yi rijiya. Bayan sati uku wani ɗanta ya zo Umra da mangwaro huɗu naɗe a zani. Kaka ya fasa ɗaya da babban yatsa, ya tsotsi rabi, ya miƙo mini rabi ya ce, “Gaisa da ita.” Ruwan ya gangaro mini har gwiwar hannu. Na yarda, ba a yi mai zaƙinta ba.

Ya ƙara shekara biyu tare da mu, kuma har ya rasu in baƙi sun zo sai ya ce in ba su labarin, yana gyara mini inda na rage. Abin da na koya shi ne in ka ji tsoho yana kiran wani suna, ka zauna ka tambaye shi har ƙarshe kafin ka kunna turare. Na kuma koyi cewa littattafaina ba su yi ƙarya ba, akwai wadda kakana yake ɓoye da ita a ƙirji. Sun dai manta su faɗa mini cewa wani lokacin ganye gare ta.