Cikin Safar Ammi Yaƙub

Har yau wata Laraba ba ta fita raina ba, a watana na gwaji a ɗakin saƙar Mu'allima Ruƙayya da ke unguwar Sharafiyya a Jidda, farkon shekarun saba'in. Mu huɗu ne ƙarƙashin fanka ɗaya, muna saƙa kayan sanyi, gumi na jiƙa ulun a hannunmu. Ni ban taɓa sanin sanyi ba sai a littafi.

Ulun, matan Ɗa'if ne ke kaɗa shi da hannu, sau ɗaya a wata ake kawowa. A saƙa mai launi biyu, zaren da ba a aiki da shi yana bi ta ciki, sai a riƙa kama shi bayan kowane ƙulli uku. Ƙa'idar Mu'allima kuwa: ɗan gwajin da aka dawo da aikinsa, halas, an sallame shi ke nan.

Aikina na farko safar hannu ce ta Ammi Yaƙub, direban babbar mota mai zuwa Tabuk, garin sanyi. Kwana tara na yi ina fitar da zanen tagogin katako na tsohuwar Jidda, ja a kan fari. Don kada jan ya leƙo ta fuska, na bar shi yana tafiya mai nisa a ciki ban kama ba.

Da ya zo gwadawa a Larabar nan, yatsunsa masu kaushi suka sarƙe a zaren. Ya tura, ya ja, hannu ya ƙi shiga. Mu'allima ta juya safar ciki waje, ta ajiye a gabana. Ranar Asabar motarsa za ta tashi, ulu irin nasa kuma babu saura.

Ya roƙe ta kada ta lissafa safar cikin aikin da aka dawo da shi, wai bai fita ƙofa da ita ba. Sannan ya dube ni.

"Ya binti, 'yata, tagogin sun yi kyau. Amma ni a ciki zan zauna."

Na warware kwana tarana, na sake da ƙananan ɗigo-ɗigo, ina kama zare bayan kowane uku, har wuyan hannuna ya kumbura. Asabar da hantsi hannunsa ya shige sumul. Mu'allima ta turo mini wani dunƙulen ulu, ta ce yalla, in ci gaba da aiki.

Shekarata shida ke nan a ɗakin, na gaji, zane ma na daina mafarkinsa. Amma ku sababbi, in kun ga na juya aikinku kafin in dubi fuskarsa, kada ku ji haushi. Fuskar ta masu kallo ce. Mai jin sanyi ciki yake taɓawa.