Kwana Ukun Malam Tambaya

Malam Tambaya na Kuceri ya shekara talatin yana dillancin shanu a kasuwar Tsafe, kuma duk wanda ya taɓa sayen dabba a hannunsa ya san sharaɗinsa. Kafin ya ce ya sallama, sai ya buɗe mata baki, ya ɗaga mata ƙafa, ya faɗa maka aibinta tun ba ka tambaya ba. Daga nan kana da kwana uku: in wata cuta ta ɓulla, ka maido ya canja maka. Ba takarda, ba sa hannu. 'Yan uwansa dillalai suna tsokanarsa, wai shi kaɗai ne mai kushe hajarsa da bakinsa, amma Fulanin daji ba sa miƙa wa kowa igiya sai shi.

Da Zamfara ta samu jiha, Gusau ta cika da motocin Kwatano, har mai sayar da goro ya koma hirar inji da taya. Tambaya ma abin ya shiga ransa. A shekara ta casa'in da takwas, saura wata guda ruwa ya sauka, ya ƙyalla ido ya ga wata farar akori-kura a wurin Alhaji Garba mai sayar da motoci. Abin hannunsa bai kai ba, suka daidaita ya cika da biyu daga cikin bijimansa uku na huɗa. Na ukun, wani ja, ya bar shi don ya haɗa da na maƙwabci idan damina ta kama, in ba haka ba gonarsa ta kwana.

Duban saniya ya yi wa motar. Ya zagaya ta sau biyu, ya bubbuga mata ciki, ya leƙa ƙarƙashinta, sannan ya ce, "Alhaji, wagga tana da aibi?"

"Ga ta nan gabanka, Malam," in ji Alhaji Garba.

Tambaya ya ɗauki wannan a matsayin a'a. Shi kuwa ya zayyana halin bijimansa kaf, ya ba Alhaji kwana ukunsa kamar kowa. Aka kawo wata takarda da Turanci, ya zaci rasit ce, ya dangwala yatsa.

Washegari maƙwabcinsa Abdu, wanda ya iya tuƙi, ya ja ta da buhunan dawa za su Bungudu. Suna shiga Bungudu ta fara hayaƙi, ta yi tari biyu, ta mutu. Bakanike ya kankare fentin inji da wuƙa, ya nuna musu tsaga mai tsawon tafin hannu, an liƙe ta da gam an shafe. Aka jawo ta Gusau da igiya. Alhaji Garba ya ba Tambaya kujera da ruwan sanyi, sannan ya zaro takardar ya nuna masa yatsansa.

Da safe ya kai kwafinta wurin Malam Lawali, tsohon magatakardan kotu. Lawali ya karanta masa: mai saye ya duba, ya yarda da duk abin da ke cikin motar, na fili da na ɓoye. Ya ce aibin da aka ɓoye da gangan hujja ce ta maido da kaya, amma sai an tabbatar Alhaji ya sani, shi kuwa cewa zai yi haka ta zo masa daga Kwatano. Kafin a gama shari'a an girbe gero. Tambaya ya ji kunya fiye da ɓacin rai, ya naɗe takardar ya koma gida.

Bayan la'asar sai ga mutanen Alhaji Garba a ƙofar gida da ɗaya daga cikin bijiman, yana ɗingishi, yawu na zuba daga bakinsa. Suka ce Alhaji na gaisuwa, ya ce kwana uku ba su cika ba tukuna.

Tambaya ya tsuguna ya ɗaga kofaton, ya buɗe bakin, ya daɗe yana dubawa. Ciwon na gaske ne. Ya miƙe ya shiga turke wajen jan bijimin.

Matarsa Lantana ta tare shi a bakin danga. "Malam, shi ɗai ya rage muna. Ka ce su amshi motarsu tukun. Shi ya yi maka kwana uku?"

"Shi bai ce ya yi ba," in ji Tambaya yana kwance igiyar. "Ni nac ce."

Ya kai musu jan har ƙofar gida, ya gaya musu bijimin yana tsoron kare, su bi da shi a hankali ta cikin gari. Daminar nan ya yi huɗa da garmar hannu, yana da shekara sittin a duniya. Rabin gonar ya iya, sauran ciyawa ta cinye.