Ranar da Merv Ya Miƙa Karta

Merv Tredrea ɗan dabo ne, da karta yake rufa wa mutane ido. Tun ina budurwa nake soya kifi a kulob ɗinmu na Port Pirie, kuma tun lokacin teburin bakin taga nasa ne kowace Lahadi. A masana'antar narka dalma ya ƙare ƙuruciyarsa kamar sauran mazan garin, amma ba wanda yake tuna shi da wannan.

Girman kai gare shi, ba zan ɓoye ba. Akwai kartar da ake sayar wa masu dabo an riga an yi mata aiki, wata an aske gefenta, wata fuska biyu gare ta. Merv yakan ce kayan ragwaye ne, shi yatsunsa kaɗai ya sani. Ya sha yarfa ƙananan 'yan dabo a kan haka har suka daina gaishe shi.

Sai tsufa ya sa hannunsa ya fara rawa. Wata Lahadi karta ta zube masa cikin farantin wani baƙo. Brodie, sabon manajanmu, wanda Merv ya yi jika da shi, ya dafa kafaɗarsa ya ce in aka sake haka zai ɗauke teburin ya kafa injin caca. Da murmushi ya faɗa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Bayan mako biyu Merv ya shigo kicin ya nuna min wani kwalin karta da ya sa aka aiko masa daga birnin Adelaide. Rabin kartar duk bakwai ce mai jar zuciya, an ɗan rage tsawonta, duk inda mutum ya yanka ita zai samu. Ya ce ko jaki aka ba wa zai yi dabo da ita. Na ce ya yi abinsa, ba mai sani.

Ranar Lahadi komai ya tafi daidai. Glenys Hocking ce ta zaɓi karta, matar da take kallon dabonsa tun mijinta na raye. Bakwai ta fito daga tsakiya, ta fito daga ƙasa, aka yi ta tafi. To, a al'ada mai gyararriyar karta da zarar ya gama jefa ta aljihu yake yi. Mai aikin yatsu kuwa miƙa wa 'yan kallo yake yi su bincika, kuma haka Merv ya yi duk rayuwarsa. Hannun bai yi shawara da shi ba, ya tura wa Glenys kartar.

“Duba da kyau, 'yar'uwa,” ya ce. Sai da maganar ta fita na ga fuskarsa ta sauya.

Glenys ta ɗan baza kartar ta fuskarta ita kaɗai. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta haɗa, ta mayar masa.

“Ba komai a ciki, tsoho. Har gobe kai ne.”

Aka sake tafi. Brodie ya ce teburi ya zauna. Merv ya shigo kicin ya jingina da firji, gumi na zuba.

“Ta gani,” ya ce.

Na ce ai rufa masa asiri ta yi, ya gode wa Allah.

“Tun kafin a haifi yaron can nake ruɗin mutanen nan suna jin daɗi. Yau kuma su za su riƙa ruɗina don tausayi? A kai kasuwa.”

Na zage shi tas, na ce taurin kai ne zai kashe shi. Daga ranar bai sake zama a teburin ba. Har yau haushinsa nake ji, ina kuma jin haushin kaina da na gane abin da yake nufi.

Yanzu ran Talata yake zuwa ta ƙofar baya, in naɗe masa kifi da dankali ya tafi. In ya hango Glenys a titi sai ya tsallaka ɗaya gefen. Ta sha tare ni tana tambaya laifin me ta yi masa.